Muhawara a guruf ɗin 'yan Agege: riƙon hanyar iyaye shi ne mutunci?

Alhaji Mai Goro: Salamu alaikum jama'a. Jiya na hau bas ɗin BRT daga Oshodi, mota cike, wata tsohuwa Bayarabiya ta shigo da ƙullin kaya tana dafa ƙarfe tana nishi, ga wani yaro namu zaune gabanta ya toshe kunne da waya ko ɗago kai bai yi ba, sai ni da furfurata na miƙe na ba ta kujera. Kullum kuna ce mana 'yan mazan jiya, to ni na yarda da sunan. Ra'ayin riƙau ɗin nan ba siyasa ba ne, shi ne gaida na gaba, riƙon amana, kunya, sauke baƙo, duba maƙwabci. Wanda ya ƙi shi mutunci ya ƙi.

Sadik LASU: Allah ya ja kwana Baba, ladan tsohuwar nan naka ne, amma maganar ƙarshe ban yarda ba. Da sunan hanyar iyaye ɗin ne fa a da ake sa talaka ya tuɓe takalmi ya zube gaban hakimi, a karɓi haraji da jangali, wanda ya kasa biya ya sha ɗauri. Saboda me aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano a 1950? Zaɓen 1959 matan kudu sun jefa ƙuri'a, namu na Arewa aka ce al'ada ta hana, sai 1976 aka ba su dama. Gambo Sawaba kurkuku ta yi ta shiga kan wannan. Su ma masu hanawar cewa suke mutunci suke karewa.

Alhaji Mai Goro: Ɗana wannan zalunci ne aka sa masa rawani, ba shi nake nufi ba.

Sadik LASU: To ai nan gizo ke saƙar Baba, wa zai tace? In abu ya yi kyau ku ce al'ada ce, in ya ɓaci ku ce ba ita ba ce.

Ɗan Mile 12: Sadik zo kasuwa da asuba ka ga abin da Alhaji ke faɗa da idonka. Tirela ta taso daga Kadawa da kwandunan tumatir, mai kaya yana can gona bai taɓa taka Legas ba, ba takarda ba lauya ba sa hannu, dillali ya sauke ya sayar ya cire la'adarsa ya tura sauran, in kasuwa ta faɗi ya bugo ya faɗi gaskiyar farashin. Ranar da ya ci amana sau ɗaya labari ya riga motar komawa Kano, shi da kaya har abada. Ba gwamna ya kafa mana wannan ba, gado muka yi. Haka fataken goro suka yi a Agege tun da jirgin ƙasa ya haɗa Legas da Kano a 1912, baƙo ya sauka gidan maigida, a ba shi tabarma da tuwo kafin a tambaye shi me ya kawo.

Hajiya Mai Tuwo Idi-Araba: Duk na ji ku. Ni fa rikicin Hausawa da Yarabawa na Idi-Araba a 2002 a gabana aka yi, Bayarabiyar da muke haya gida ɗaya ce ta kulle ni da yarana a ɗakinta kwana biyu, ba don ta karanta wani ra'ayi ba, tarbiyyar gidansu ce, su suna cewa omoluabi mu mu ce mutumin kirki. Amma Alhaji a faɗi gaskiya, kunyar nan mata aka fi ɗora wa. Yarinya ta ce ba ta son mijin da aka zaɓa mata a ce ba ta da kunya, namiji ya bar mata da yara a gida shekara uku yana Legas ko sisi babu, shi kuma ba wanda ya kira shi ɗan zamani.

Ɗan Mile 12: Hajiya ta taɓo mu 😅

Sadik LASU: Yauwa Hajiya. Kuma Gwamna Abubakar Rimi da ya soke haraji da jangali a Kano a 1979 ai tsohon abu ya rusa, wa ya ce ya zubar da mutunci?

Malam Na Masallaci: Sadik kar ka manta Malam Aminu Kano, jagoran NEPU ɗin da kake tunƙaho da ita, ɗan gidan malamai ne, tafsiri yake yi, kuma da adalcin da ya koya a zaure ya yaƙi sarakuna, bai aro shi daga Ingila ba. Tsohon abu ya ɗauka ya doki wani tsohon abu.

Sadik LASU: Na yarda Malam, amma a lokacin ba wanda ya kira shi mai ra'ayin riƙau, ɗan tawaye aka ce masa.

Alhaji Mai Goro: Ku kira shi duk sunan da kuka ga dama. Ni dai Sadik tambaya ɗaya, da kai ne a kujerar nan za ka tashi?

Sadik LASU: Wallahi zan tashi Baba, amma ba zan biya jangali ba 😂

Hajiya Mai Tuwo Idi-Araba: Alhaji ni har yanzu ba ka amsa min tawa ba fa, ina nan ina jira.