Zamiya a kan dusar ƙanƙara a watan Afrilu: shin ba mu makara ba?

Ɗan Birni ya rubuta:

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san tsaunukan Turai ko na Maroko. Babban ɗana yana aiki a birnin Liyon na Faransa, Allah ya ba su ƙaruwa, kuma ya gayyace ni tare da autata mai shekara 17 domin mu je mu ga jariri. Bayan doguwar wahala biza ta fito, kuma in Allah ya yarda za mu sauka ranar 8 ga Afrilu, mu juyo ranar 25. Tun ranar da yarinyar nan ta ga hoton yayanta tsaye a kan allunan zamiya, fari fat a bayansa har iyakar ganin ido, ta ƙwallafa rai sai ta gwada. Ni ma ina da wannan burin tun muna lakol, lokacin da muke karanta labarin dusar ƙanƙara a littafi alhali ƙanƙarar da muka sani ita ce wadda kan faɗo da ruwan farko, da kuma wadda ake sayarwa a leda a Kasuwar Dole ta nan Damagaram.

Abin da ya dame ni shi ne wani abokin aikina ya ce mini a Afrilu komai ya narke, wuraren wasan duk sun rufe, kuɗina kawai zan zubar. Ɗana kuwa sau biyu kacal ya taɓa zuwa, kuma a tsakiyar sanyi ne. Shin maganar abokin nan gaskiya ce? Tun da jirginmu ta Kasablanka zai bi, ko ya fi mana mu tsaya Maroko, inda na ji akwai irin wannan wuri kusa da Marakesh? Sannan mutum mai shekara 54 zai iya koyo, ko in tsaya gefe in bar wa yarinya?

Injiniya daga Zango ya amsa:

Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya raya jariri. Na yi shekara 6 a Grenoble, garin da tsaunuka suka kewaye, saboda haka zan faɗa muku abin da na gani da idona. Abokinku ya yi gaskiya rabi. A watan Afrilu tsayin wuri ne ke yanke hukunci, domin duk mita 1,000 da aka hau, zafi kan ragu da kimanin digiri 6 da rabi. Wuraren da ke ƙasa-ƙasa, irin su Chamrousse da ke kusa da Grenoble, wanda ƙololuwarsa mita 2,250 ce, sukan rufe a farkon Afrilu ko tsakiyarsa. Amma Val Thorens, wanda garin kansa ke kan mita 2,300 kuma shi ne mafi tsayi a irinsa a Turai, yakan kai farkon watan Mayu yana aiki, haka ma Tignes da ke kan mita 2,100. Domin ku kwatanta, ƙololuwar Bagzan a Ayar, wadda babu abin da ya fi ta tsayi a Nijar, mita 2,022 ce. Wato a Val Thorens gadon da za ku kwanta a kai ya fi duk wani dutse na ƙasarmu tsayi.

Abin da ya kamata ku fahimta shi ne halin dusar a wannan lokaci, domin ba ɗaya take da ta Janairu ba. Da rana takan narke daga sama, da dare ta sake daskarewa, saboda haka da ƙarfe 9 na safe tauri gare ta kamar daɓen siminti, har mutum yakan ji bakin allunansa na ƙara kamar ana kankare ƙanzo a tukunya. Wajen ƙarfe 10 zuwa 12 sai samanta ya yi laushi alhali ƙasanta na nan da ƙarfi, kuma wannan ne lokacin da ya fi kowane daɗi, musamman ga mai koyo, domin allunan sukan kama ƙasa, faɗuwa kuma ba ta da zafi. Bayan azahar sai ta koma kamar fura da aka cika wa ruwa, mai nauyi, tana riƙe ƙafa. Faransawa da kansu miya suke kiran ta. A wannan lokacin ne gwiwa ta fi murɗewa, domin jiki ya gaji kuma allo yana maƙalewa. Saboda haka ku yi sammako, ku tashi daga wasa da azahar. Gangaren da ke fuskantar arewa ya fi riƙe dusa, wanda ke fuskantar gabas da kudu kuwa shi ne ke fara laushi.

Akwai wani abu da ba zan manta ba. A watan Maris na 2022 iska ta kwaso ƙurar Sahara ta zuba ta a kan tsaunukan, muka wayi gari dusar ta koma ruwan ƙasa-ƙasa, sama ta yi ja irin na ranar da hazo ya rufe Damagaram. Na duƙa na shafa da yatsa, sai ga jar ƙasa irin tamu a kan safar hannuna. Wannan ƙura takan sa dusa ta yi saurin narkewa, domin abu mai duhu ya fi fari shan zafin rana.

Game da koyo, shekara 54 ba ta hana ba, matuƙar gwiwa da baya lafiya suke. Sai dai kada ku yarda ɗanku ya zama malaminku. Ku biya malamin makarantar zamiya, waɗanda ake ganewa da jajayen tufafi, ko da na safiya biyu ne. Hanyoyin an raba su da launi: kore na masu koyo, shuɗi mai sauƙi, ja mai wuya, baƙi na gwanaye. Ku da ƴarku kore ne naku, kuma kada ku ƙetare sandunan da aka kafa a bakin hanya, domin a wannan lokaci jiƙaƙƙiyar dusa takan zaftaro daga gangaren da ba a kula da shi, galibi da rana tsaka.

Kuɗi kuwa sai an shirya. Tikitin hawa kujerun igiya, masu kai mutum saman tsauni, na yini ɗaya a manyan wuraren ya haura Yuro 60, wato kusan jaka 40 na sefa ga mutum guda, ban da hayar alluna, takalma da hular kwano. Amma mai koyo ba ya buƙatar babban tikiti a ranar farko, domin filin koyo yana da nasa ɗan abin hawa mai arha, a wasu wuraren ma kyauta. Ku ƙara ƴan Yuro kaɗan ku sayi inshorar da ake haɗawa da tikiti, saboda a Faransa idan aka ɗauko mutum daga kan hanyar zamiya, shi ake kawo wa takardar biya. Daga Liyon jirgin ƙasa zai kai ku Moûtiers, daga nan kuma mota ta hau da ku kimanin kilomita 37 na hanya mai kwana-kwana zuwa Val Thorens. Abin farin ciki shi ne masauki a Afrilu ya fi na Fabrairu sauƙi, kuma layi ya ragu.

Ɗalibarku a Marakesh ta amsa:

Baba, ina gaishe ku da girmamawa. Shekarata ta 4 ke nan ina karatu a nan, kuma ina roƙon ku kada ku ɗora burin ƙanwata a kan Maroko a watan Afrilu. Wurin da kuka ji labari shi ne Ukaimeden, kimanin kilomita 75 daga Marakesh, a tsaunukan Atlas, kuma ba gajere ba ne, domin ya kai mita 2,600 daga gindinsa, ƙololuwarsa ta haura 3,200. Amma rana ta fi ƙarfi a nan, kuma lokacinsa daga Janairu ne zuwa Maris, shi ma idan shekara ta yi kyau. An jera shekaru ana fari a ƙasar nan, har akwai shekarar da muka hau a Fabrairu muka tarar da duwatsu tsirara, sai ɗan fari-fari a inuwar tsauni, masu hayar alluna suna zaune jugum kusa da alfadaransu. Idan kuna da kwana biyu a hanyar dawowa, ku zo ku ga Tubkal daga nesa, mai mita 4,167, wanda kansa kan kasance fari har cikin bazara. Wannan kallo ne mai kyau, amma zamiya ku yi ta can inda yaya yake.

Ma'aikaciyar lafiya daga Sabon Gari ta amsa:

Alhaji, duk abin da Injiniya ya faɗa daidai ne, amma akwai tambayar da ta riga zaɓen tsauni, kuma ban ga wanda ya yi ta ba: shin kun san nau'in jininku da na yarinyar? Damagaram ba ta kai mita 500 daga teku ba, kuma jikin da ya saba da nan, idan aka kai shi mita 2,300 a yini ɗaya, iskar da yake shaƙa takan yi masa ƙaranci. Ga mai cikakkiyar lafiya abin ba ya wuce ciwon kai, haki da rashin barci na dare ɗaya ko biyu. Ga mai amosanin jini, wato SS ko SC, tsayi da sanyi da gajiya su ne ainihin abubuwan da ke tayar da ciwon, kuma ba zan ba shi shawarar hawa ba. Har mai AS, wanda ke ɗauke da shi ba tare da ya taɓa jinya ba, yana iya samun toshewar jini a saifa idan ya yi aikin ƙarfi a wuri mai tsayi. Ba kasafai hakan ke faruwa ba, amma yana faruwa, kuma alamarsa ciwo ne mai tsanani a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu. Da yawa daga cikinmu muna ɗauke da shi ba mu sani ba, alhali gwajin ba shi da wuya. Ku yi shi a nan ko a Yamai kafin ku hau jirgi.

Abu na biyu shi ne ido. Sabuwar dusa takan mayar da kusan kashi 80 cikin 100 na hasken rana mai ƙuna zuwa fuska, kuma ranar Afrilu a kan tsauni ta fi ta Janairu kaifi. Wanda ya yini babu tabarau na musamman yana iya kwana da ido kamar an zuba masa yashi, hawaye na zuba. Baƙar fata ba ta kare ido, ba ta kuma kare leɓe, saboda haka ku shafa man kariya. Ku yawaita shan ruwa ko da ba ku ji ƙishi ba, domin iskar can bushewa gare ta kamar ta hunturu.

Ɗan kasuwa mai zuwa Santambul ya amsa:

Ni a ganina, Alhaji, da ba don jariri ba da Turkiyya zan nuna muku. Dutsen Erciyes, mai mita 3,917, yana kimanin kilomita 25 daga birnin Kayseri, yakan kai cikin Afrilu ana wasa a kansa, kuɗinsa bai kai na Faransa ba, ga masallaci ga abincin halal ba sai an yi tambaya ba. Amma tun da bizar Faransa ce a hannunku, ku kula da abinci: girkin mutanen tsaunin can cike yake da naman alade, har cikin dankalin da ake gasawa da cuku, kuma cukun da ake narkawa a tukunya da giya ake haɗa shi. Ku kama ɗaki mai madafa, surukarku ta haɗa muku guzuri daga Liyon, kilishi kuwa a iyakar Turai ƙwace shi ake yi, saboda haka gara ku bar shi a gida ku ɗauki dabino da ƙuli-ƙuli. Ku yi alwala kafin ku sa takalman nan, domin cire su aiki ne. Sannan kada ku tashi daga nan a kurarren lokaci. Kilomita 900 ne zuwa Yamai ta Maraɗi, Ƙonni da Doso, ku ba kanku kwana biyu kafin ranar jirgi.

Ɗan Birni ya sake rubutawa:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Hajiya, maganarki ta sa na tambayi mahaifiyar yarinyar, ta binciko takardar gwajin da aka yi mata tana ƙarama, ashe AS ce, ni kuwa ban taɓa yin gwajin ba. Jibi za mu je asibiti tare, mu ji abin da likita zai ce game da tsayin da ya dace da ita. Na yi waya da yayanta, ya ce idan likita ya amince za mu kwana a Bourg-Saint-Maurice, wanda bai wuce mita 850 ba, mu riƙa hawa jirgin gangare na minti 7 zuwa wurin zamiya na Arc 1600 da safe, mu sauko da azahar, kuma za mu yi hakan a makon farko na zuwanmu, kafin dusar wurin ta yi nisa da narkewa. Injiniya, ina da sauran tambaya ɗaya: tufafin sanyin nan, hayarsu ake yi a can kamar takalma, ko in sa yayanta ya aro mana daga abokansa tun yanzu?