Tallafin Coca-Cola ga masu kwashe robobi daga koguna: taimako ne ko wanke suna?

Baban Khadija ya rubuta:

Assalamu alaikum, jama'a. A watan Yunin 2021 kamfanin Coca-Cola ya ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar The Ocean Cleanup, wadda wani matashi ɗan ƙasar Holan mai suna Boyan Slat ya kafa a 2013, domin taimaka mata ta girke na'urorin tare shara a koguna 15 a sassa daban-daban na duniya. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, tun daga 2018 ƙungiyar Break Free From Plastic, wadda 'yan sa-kai ke tattaro mata shara suna ƙidaya tambarin da ke jikinta, ta yi shekaru a jere tana bayyana wannan kamfani a matsayin wanda robobinsa suka fi na kowa yawa. To, wanda ke zubar da abu kuma yana biyan kuɗin kwashe kaɗan daga cikinsa, yabo ya kamace shi ko zargi? Ina neman ƙarin haske daga masana.

Injiniya Sabon Gari ya amsa:

Wa alaikumus salam, Baban Khadija. Kafin a yanke hukunci, yana da kyau a san aikin da kuɗin ke yi. Na'urar da ƙungiyar The Ocean Cleanup ke kira Interceptor kamar jirgin ruwa take, amma a ɗaure take wuri guda kuma da hasken rana take aiki. Akan shimfiɗa wani dogon shinge mai yawo a kan ruwa, wanda ke karkato da gorunan roba da leda da takalma da duk abin da igiyar ruwa ta kwaso zuwa bakin na'urar, daga nan wani bel mai juyawa ya haura da sharar ya zuba ta cikin manyan mazubai, idan sun cika a ja su zuwa gaɓa a juye. An fara girka ta a Jakarta ta Indonesiya, sannan a kogin Klang na Malesiya, da kogin Ozama na Jamhuriyar Dominika, da kuma birnin Can Tho na Biyetnam.

Dalilin mayar da hankali kan koguna kuwa shi ne binciken da masanan ƙungiyar suka wallafa a 2021, wanda ya ƙiyasta cewa koguna fiye da 1,000 ne ke kai kimanin kashi 80 cikin ɗari na robar da ke shiga teku ta hanyar koguna. Tare roba a bakin kogi ya fi sauƙi da araha nesa ba kusa ba a kan bin ta cikin tekun Fasifik, inda tarin sharar da ke tsakanin Hawai da Kalifoniya ya mamaye faɗin da aka ƙiyasta ya kai murabba'in kilomita miliyan 1.6, kuma inda zafin rana da kaɗawar ruwa suke farfasa ta zuwa ƙananan ɓarɓashi da kifi ke haɗiyewa. Aiki ne mai cin kuɗi, har ma da jiragen ruwa, shi ya sa kamfanin jiragen ruwa na Maersk ya taimaka da jiragensa, kamfanin motoci na Kia kuma ya shigo a 2022. Ba kullum ake dacewa ba: a 2022 ambaliya ta fi ƙarfin katangar waya da suka gwada a kogin Las Vacas na Gwatamala, sai da suka sake tsari a shekarar da ta biyo baya. Ni dai a ganina, da babu gara ba daɗi.

Maman Sadiq ta amsa:

Injiniya, Allah ya ƙara basira, bayaninka ya gamsar ta fuskar na'ura, amma bai taɓo tambayar ba. Kamfanin Coca-Cola da kansa ya bayyana cewa ya yi amfani da kimanin tan miliyan 3 na robar zuba kaya a shekarar 2017 kaɗai, kuma babu wata na'ura a kogi, ko da an jera ɗari, da za ta kamo wannan adadi. Ƙungiyar OECD ta haɗin kan tattalin arziki ta ce a 2019 duniya ta samar da tan miliyan 460 na roba, sannan kashi 9 cikin ɗari kacal na sharar roba ake sake sarrafawa. Abin da ya fi damuna ma shi ne a watan Disambar 2024 kamfanin ya fitar da sababbin manufofinsa na muhalli, sai aka nemi alkawarin da ya ɗauka a 2022 na sayar da kashi 25 cikin ɗari na lemonsa a kwalaben da ake mayarwa kafin 2030 aka rasa. A wannan watan ne kuma taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan yarjejeniyar roba ya watse a birnin Busan na Koriya ta Kudu ba tare da an cimma matsaya ba, saboda wasu ƙasashe masu arzikin man fetur sun ƙi yarda a ƙayyade yawan robar da za a riƙa ƙerawa. Mu da muka taso lokacin da ba a ba ka lemo sai ka kawo kwalba ko ka ajiye kuɗinta, mun san cewa akwai hanyar da ba ta bukatar a bi shara har kogi. Ban ce a mayar musu da kuɗinsu ba, a karɓa a yi aikin, amma kada kyauta ta maye gurbin wajibi.

Ɗan Maraɗi ya amsa:

Ina bayan Hajiya, sai dai zan ƙara abu guda. Wani bincike da masana a Jamus suka yi a 2017 ya saka kogin Neja da kogin Nilu cikin manyan koguna goma da suka fi kai roba teku, don haka maganar ta shafe mu. Amma sharar da ta fi yawa a kwatocinmu ledar fiya-wata ce da baƙar ledar cefane, waɗanda 'yan jari bola ba sa ko kallo domin ba su da nauyin da zai kawo kuɗi a sikeli, alhali goran roba tun kafin ya taɓa ƙasa mai zoɓo ko mai kunun aya ta saye shi. Na'ura a bakin kogi ba za ta hana wannan leda toshe magudanai da damina ba, kuma ba za ta fitar da ita daga tumbin akuyar da mahauci ya feɗe ba. Ruwanda ta haramta leda tun 2008, Kenya ta bi sahu a 2017, kuma doka ce ta yi wannan aiki ba gudunmawar kamfani ba.

Baban Khadija ya sake rubutawa:

Na gode muku ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Injiniya, saura tambaya ɗaya: sharar da na'urar ta kwaso, ina ake kai ta bayan an sauke ta a gaɓa, kuma wa ke biyan kuɗin wannan ɗawainiya idan wa'adin tallafin ya ƙare?