Nahiyoyi zamewa suke yi ko gusawa?

Jama'a, ku taya ni neman kalma. Wani ɗalibina ya tambaye ni yadda za a ce continental drift da Hausa, wato motsin da nahiyoyi ke yi sannu a hankali, na tsaya ina sosa ƙeya.

A 1912 ne wani Bajamushe, Alfred Wegener, ya ce nahiyoyin duniya a da can a dunƙule suke wuri guda, dunƙulen da ake kira Pangaea, wanda ya fara rabuwa kimanin shekara miliyan 200 da suka wuce. Ku dubi taswira: ƙullutun Brazil ya dace da lungun gaɓar tekun Gini, kamar sakaina biyu na ƙwarya ɗaya. Masana suka yi masa ca, har ya rasu a ƙanƙarar Girinlan a 1930 ba su yarda ba. Sai a shekarun 1960 aka ba shi gaskiya.

Wani malami ya kawo "zamewar nahiyoyi". Malam, a yi mini afuwa, ban karɓa ba. Zamewa aikin santsi ce, farat ɗaya mutum ya ji shi a ƙasa. Tekun Atlantika kuwa santimita biyu zuwa biyar yake ƙara faɗi a shekara, kusan yadda farce ke tsiro.

"Gushewa" ta yi kusa, amma kunnen Bahaushe ɓacewa zai ji, kamar gushewar hankali. "Shawagi" na shaho ne da jirgin sama.

Ni dai na tsaya a kan "gusawar nahiyoyi". In ka ce wa mutum "gusa in zauna", ba tashi zai yi daga bencin ba, ɗan matsawa zai yi. Haka nahiya take, ba ta rabuwa da ɓawon ƙasar da ke ɗauke da ita.

Rabuwar kuma "darewa" ce, yadda jam'iyya ke darewa gida biyu: Pangaea ta zama manyan nahiyoyi biyu, Laurasia a arewa, Gondwana a kudu. Kwarin Binuwai ma tsagi ne da ya soma buɗewa lokacin da Afirka ke rabuwa da Amurka ta Kudu, sai bai ƙarasa ba.

Saura sunan irin su Pangaea. "Uwar nahiyoyi" ta fi daɗin baki, sai dai uwa kan haihu ta rayu, wannan kuwa ƙarewa ta yi. "Dunƙulalliyar nahiya" ta fi daidai, ga nauyi a harshe. Malaman labarin ƙasa, wacce za ku iya rubuta wa yara a allo?