Lamba 44 ta cikin waya, me ya sa ba ta shiga ƙafa?

Ɗan Adar, Tawa:

Assalamu alaikum. Tambaya gare ni ga masu sana'ar takalma da tufafi. Yanzu rabin kasuwa ta koma cikin waya: ka ga hoto a WhatsApp ko Facebook ko TikTok, ka tura kuɗi ta Nita ko Amana, a sa maka kaya a bas daga Yamai, washegari ka karɓa a tasha. Inda gizo ke saƙa shi ne lamba. Ƙafar da ke sa 44 a takalmin bosho na Turai, in aka aiko mata sabon 44 sai yatsu su dunƙule. Riga XL ta wannan butik ta zauna daidai, XL ta wancan ko maɓallin ƙirji ba ya rufuwa. Ga shi tsakanin Yamai da Tawa kusan kilomita 550 ne, ba wurin da za ka ce bari in leƙa in gwada ba. Masu sayarwa ne ke sauya lamba, ko lambobin ne iri-iri? Kuma wane awo ya kamata mutum ya nema kafin ya biya?

Mai Takalma, Babbar Kasuwa, Yamai:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Galibi ba ha'inci ba ne. Lissafi biyu ne ke yawo a kasuwa, kuma lambobinsu sun yi kama.

Na farko lissafin Turai, wanda ya samo asali daga Faransa. Kowace lamba kashi biyu cikin uku na santimita ce, kuma ba ƙafar mutum take aunawa ba, tana auna samfurin ƙafa na itace ko na roba da ake ɗinka takalmin a kansa, wanda ya fi ƙafa tsawo da kamar santimita 1 da rabi. Don haka ka auna ƙafarka, ka ƙara 1 da rabi, ka ninka da 1 da rabi. Ƙafa mai santimita 26 da rabi ta zama 28, sau 1 da rabi, 42 ke nan.

Na biyu tsohon lissafin Sin, wanda masana'antu da yawa suke bi har yanzu: tsawon ƙafa sau biyu, a cire goma. A nan 42 ƙafa ce mai santimita 26 cif, 44 kuwa 27.

Abin lura, a lamba 39 lissafin biyu sun haɗu, duka santimita 24 da rabi. Daga nan suke rabuwa. A 42 bambancin rabin santimita ne, a 44 ya kai milimita 8, a 45 santimita guda cur. Shi ya sa mata masu sa 38 ko 39 ba su cika kuka da tsawo ba, amma namiji mai babbar ƙafa kullum shi ke shan wahala. Mai 44 na Turai, a lissafin Sin 46 yake nema, kuma samfura da yawa a 44 ko 45 suke tsayawa. Idan mai kaya ya ce maka "wannan shi ne babba, zai shiga", to shi ne babban da yake da shi kawai.

Yadda ake awon ƙafa: a sa farar takarda a kan siminti, ba a kan yashi ko tabarma ba, gefenta jingine da bango. Ka tsaya tsaye, dunduniya ta taɓa bangon, nauyinka a kan ƙafar. Wani ne zai ja layi a bakin yatsan da ya fi tsawo, don in ka sunkuya da kanka ƙafar tana motsawa, kuma ba kullum babban yatsa ne ya fi tsawo ba. Ya riƙe alƙalamin a miƙe. A yi da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura da zirga-zirga da zafi. A auna duka biyun a ɗauki babbar. Idan da safa za ka sa takalmin, da safar za a auna.

Sai kuma abin da za ka nema daga mai kaya. Ya zaro shimfiɗar cikin takalmin, ya ɗora mata metir ɗin tela, ya ɗauko hoto ana ganin farkon metir ɗin da ƙarshensa. A rufaffen takalmi ta fi ƙafarka da santimita 1 zuwa 1 da rabi. Mai tsinin baki yana son fiye da haka, domin tsinin ba wurin zaman yatsu ba ne. In shimfiɗar a manne take, ya zura tsinken tsintsiya daga dunduniya har ya tokare a gaba, ya karya, ya auna tsinken. Kada ka karɓi awon tafin waje, musamman a baskit, wato kambas: robar waje tana iya fin ciki da santimita 2 ko 3.

Akwai hanya mafi sauƙi ma. Ɗaga harshen tsohon baskit ɗinka da ya yi maka daidai, za ka ga lambobi jere: EUR, UK, US, da CM ko JP ko CHN. Na ƙarshen nan tsawo ne a santimita ko milimita, kamar 28 ko 280. Shi za ka riƙe, ya fi sauran gaskiya. UK 8 da US 9 na maza duk suna kusa da 42, amma US na mata ya ɗara na maza da kamar lamba ɗaya da rabi, wannan ma yana kayar da mutane.

Malam Tela, Wadata:

Abin da Mai Takalma ya faɗa haka yake a tufafi, har ya fi muni, don S, M, L da XL ba su da wani ma'auni da kowa ya yarda da shi. Kowace masana'anta da nata. Ko lambobin mata na Turai ba ɗaya ba ne: 40 ta Faransa ita ce 38 ta Jamus, 44 ta Italiya, 12 ta Ingila.

Shawarata, kada ka tura awon jikinka, ka tura awon rigar da ta yi maka kyau. Awon jiki yana buƙatar a ƙara sarari, kuma mai sayarwa ba tela ba ne, bai san nawa zai ƙara ba. Ka shimfiɗa rigar a kan tebur, maɓallai a rufe, ka auna daga hammata zuwa hammata, daga ɗinkin kafaɗa zuwa ɗayan ta baya, tsawon hannu, da tsawo daga gindin wuya zuwa ƙasa. Shi ma ya yi haka a kan tasa ya turo hoto. A ƙirji, rigar da ba ta miƙewa tana son ta fi jiki da santimita 10 zuwa 12 a kewaye, wato ƙirji mai 100 yana son riga mai 55 ko 56 daga hammata zuwa hammata.

A wando mutane ƙugu kawai suke tambaya, alhali abin da ke hana zama da ruku'u cinya ce da hantsa. A auna faɗin cinya daidai ƙasan hantsa, da tsawo daga hantsa zuwa bakin ƙugu. W32 L32 da ke jikin jins inci ne, kowane inci santimita 2,54, wato ƙugu kamar 81, wanda ya yi kusa da 42 na Faransa.

Ga wani tarko da ko teloli yake kamawa. Akwai metir ɗin Sin mai fuska biyu, ɗaya santimita, ɗayar kuma ana ɗauka inci ce alhali ma'aunin Sinawa ne mai santimita 3,33. Wanda ya auna da wannan fuskar ya ce maka 30, ba santimita 76 ba ne, 100 ne. Ka dage a ba ka komai a santimita. Haka in ka ga 175/96A a wuyan riga, tsayin mutum ne 175 da ƙirji 96, A kuma matsakaicin jiki. In kuma an rubuta nauyi kamar 120 zuwa 140, ba kilo ba ne, ma'auninsu ne na rabin kilo, wato kilo 60 zuwa 70.

Auduga zalla tana iya shiga da kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari a wankin farko. Jallabiya mai tsawon 140 sai ta rasa santimita 4 zuwa 7. In kana tsakanin lamba biyu, ɗauki babbar. Ragewa aikinmu ne, ƙarawa kuwa babu hali, domin ɗinkin masana'anta bai barin yadi a ciki sai kamar santimita ɗaya. Kafaɗa ce kaɗai nake cewa a same ta daidai tun farko, gyaranta sai an cire hannu gaba ɗaya.

Hajiya Mai Abaya, Yantala:

Malam Tela, a yi mini afuwa, wannan "ɗauki babbar" ba ta aiki a kan kowace abaya. Wadda aka yi wa duwatsu ko aiki a bakin ƙasa da bakin hannu, in aka yanke an yanke kuɗin ne. Ita dole tsawonta ya zo daidai.

Ƴan'uwa mata su gane cewa 52, 54, 56, 58 da 60 na abayar Dubai ba ƙiba suke nufi ba, tsawo ne a inci daga kafaɗa zuwa ƙasa. 54 santimita 137 ce, 56 kuma 142, 58 ita ce 147. Mace mai jiki tana jin 58 sai ta ce ita ce tata, ta zo tana share ƙasa kuma ta matse ta a damtse. A tsaya da takalmin da za a sa ta da shi, a auna daga saman kafaɗa kusa da wuya zuwa inda ake so ta tsaya, a raba da 2,54. Faɗi daban ake tambayarsa: ƙirji, ƙugu, da kewayen damtse. Jallabiyar maza ma haka lambarta take.

Dogayen riguna da ake cewa awo ɗaya ne na kowa, yawancinsu an yanka su ne a kan jiki marar ƙugu. A nemi faɗin mazaunai a shimfiɗe, ba tare da an ja yadin ba.

Game da ciniki, Ɗan Adar, ka tambaya tun farko ko kayan suna hannu a Yamai ko sai an yi oda. Na hannu ana iya aunawa, ana iya canzawa. Na oda daga Guwanzu ko Istanbul ko Dubai, ita kanta mai sayarwar hoto ta gani, kuma ba ya komawa. Da aka rufe iyakar Benin a 2023 kayan jirgin ruwa suka koma biyowa ta Lome da Burkina. Kayan oda kan daɗe, don haka mai odar kayan Sallah ya bar wa kansa lokacin kai wa tela. Sharaɗin canji a rubuta shi kafin kuɗi su fita: kwana nawa, da wanda zai biya kuɗin bas zuwa da dawowa. Kaya kuma su koma da takardarsu a jiki, babu turare, takalmi ba a taka shi a ƙasa ba. A kan darduma ake gwadawa.

Ɗan Adar, Tawa:

Allah ya saka da alheri. An auna: dama 27,9, hagu 27,6, faɗi a takarda 10,8. Me zan ce a aiko?

Mai Takalma, Babbar Kasuwa, Yamai:

Da ta dama za ka yi aiki. A lissafin Turai 44 ce, a na Sin 46, a harshen takalmi ka nemi 28 ko 280. Shimfiɗar ciki kada ta gaza santimita 29.

Ƙafarka tana da faɗi, kamar yawancin waɗanda suka tashi a buɗaɗɗen takalmi, kuma lamba ba ta cewa komai a kan faɗi. Zaro shimfiɗar tsohon takalminka, auna ta a inda ta fi faɗi, wajen gindin yatsu, ka ce ya auna tasa a daidai wurin. In ta gaza taka da fiye da milimita 3 ko 4, bar shi, ƙara lamba ba zai gyara ba, sai dai dunduniya ta riƙa fita. Ka zaɓi mai igiya da zagayayyen baki, ka guji wanda ake zurawa kawai. Fata ta gaske tana sakewa kaɗan a faɗi, baduku ma yana iya buɗa ta, amma ba ta ƙara tsawo. Ta roba ba ta sakewa, tsagewa take yi a wurin lanƙwasa, sannan zafin watan Afrilu da Mayu yana sa ta ɓarewa. Ka ce ya ɗauko maka hoton cikin harshen da bakin yankan fatar: in bayanta gashi-gashi ne fata ce, in saƙar yadi ce a manne, roba ce.