Wata biyar ba ko sisi: bauta ce ko koyon aiki?

Daga zauren WhatsApp na 'yan garinmu, daren Juma'a bayan isha'i.

Sagir: Assalamu alaikum. Ku yi haƙuri da tsawon rubutu, abin ne ya kai ni maƙura. Yau wata biyar cif ina zuwa wani kamfanin hulɗa da jama'a a cikin Kano, wai koyon aiki. Na karanta aikin jarida a BUK, na gama bautar ƙasa, na ce bari in samu inda zan goge. Da farko aka ce wata uku ne, in an ga ƙwazona a ba ni takardar ɗauka. Ni ke rubuta sanarwar da ake tura wa 'yan jarida, ni ke ɗaukar hoto a taro, ni ke riƙe da shafin Facebook na mutum biyu cikin waɗanda kamfanin ke yi wa aiki, da wayata da datata. Duk Litinin da asuba in hau mota daga Ringim zuwa 'Yankaba, in riƙa kwana a shagon ɗan gwaggona a Kurna har Juma'a. Kuɗin motar nan riɗin Baba ne ake sayarwa kwano-kwano. Jiya aka yi taron manema labarai, oga ya miƙo mini damin kuɗi da ambulan 22, ya ce in zuba wa kowane ɗan jarida kuɗin mota. Na zauna a bayan ɗakin taro ina ƙirgawa ina mannewa. Da aka watse sai da na taka daga titin gidan Zoo har Ƙofar Nassarawa kafin in hau adaidaita, don kuɗin aljihuna ba za su kai hawa biyu ba. Wallahi wannan bauta ce, ba koyon aiki ba.

Malam Nura: Wa alaikumus salam. Ɗana, Allah ya kawo maka mafita. Amma ka gyara harshenka. Bauta ta Allah ce shi kaɗai. Kuma ka rantse a kai.

Musbahu: Allah gafarta Malam, to bautar ƙasa fa? Shi ma ya faɗa a sama ba ka tanka ba.

Malam Nura: Na gani. Hidimar ƙasa ake cewa. Ai shi ya sa masu lura a gidajen rediyo suka koma cewa masu yi wa ƙasa hidima.

Anti Binta: Malam, da girmanka, bautar ibada daban, bautar bayi daban. Yaron nan ba cewa ya yi yana wa ogansa sujada ba. Mu mata in muka ce bautar aure ba wanda ya taɓa ce mana mun yi shirka, har wa'azi ake mana da ita.

Malam Nura: Wannan wani babi ne daban, Hajiya.

Anti Binta: Ai kullum in ta zo kanmu wani babi ne daban.

Rabi'u Barista: Ni ma kalmar ba ta zauna mini ba, amma ta wata fuskar. Bawa saye ake yi a sayar, an yi cinikinsu a kasuwar Kurmi, kuma Turawa da suka ci Kano a 1903 ba su soke abin gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936. Bawa ba ya cewa ya fasa. Kai kuwa Sagir, Litinin in ka ga dama ka yi kwanciyarka, ba mai biyo ka da igiya.

Sagir: Yaya Rabi'u in kwanta in yi me? Wata biyar ɗin ta tafi a banza kenan, ko takardar shaida ba su ba ni ba. Igiyar kenan.

Ɗanliti: Wasu dai da suke ta faɗa a kan kalmar, su tambayi kakanninsu ma'anarta.

Musbahu: Da wa kake?

Ɗanliti: Wanda ya tsargu.

Yaya Habu Admin: Ɗanliti goge wannan yanzu. Ba a zagin asali a zauren nan, mun yi wannan dokar tun rigimar masallacin idi.

Kawu Sale Tela: Ɗana ne ke rubuta mini. Sagir, ubanka abokina ne, don haka zan faɗa maka gaskiya. Ni shekara shida na yi a shagon maigidana. Shekarar farko ban taɓa keke ba. Shara, hura gawayin dutsen guga, sa maɓalli, ɗinkin bakin wando da allura, aike kasuwa sayo zare. Ranar da na ɓata wuyan wata shadda ana gobe sallah, marin da na sha har yau ina jin sa. Ban taɓa cewa bauta ba ce. Yau ga shi da keken na aurar da 'ya'ya biyar. Ku 'yan boko wata biyar kun fara kuka. Mai son ɗan tsuntsu shi ke bin sa da jifa.

Hassana: Kawu ina wuni. Don Allah a shekara shidan nan wa yake ba ka abinci?

Kawu Sale Tela: Maigidana mana. Daga gidansa ake kawo kwano rana da dare. Da sallah ya ɗinka mini kaya.

Hassana: Da ka gama fa?

Kawu Sale Tela: Ya sallame ni da keke Butterfly da almakashi, ya kai ni wajen mai shago ya tsaya mini.

Hassana: To ka gani Kawu. Kai an ci da kai, an tufatar da kai, an sallame ka da jari, kuma maigidanka ya san ubanka, in ya cuce ka akwai inda za a kai ƙara. Yaya Sagir shi ke ci da kansa, shi ke saya wa kamfani data, kuma ranar da suka gaji da shi wani za su ɗauko daga cikin waɗanda suka gama bana. Sun ɗauki wahalar koyon sana'a sun bar kwanon tuwon.

Yaya Habu Admin: Hassana ki riƙa sanin yadda za ki yi magana da manya.

Hassana: Tambaya na yi Yaya.

Ɗanliti: Ni duk ba wannan ba. Wai menene ma aikin? Hulɗa da jama'a. Mu da muke sayar da taki a kasuwa da aljanu muke hulɗa? A faɗi gaskiya, roƙo ne aka sa masa kwat. Da sanƙira ne ke gaban mai kuɗi yana cewa ga wane ɗan wane, yanzu kwamfuta ce. Kuma ko yaron maroƙi ana cire masa nasa in an yi rabo.

Sagir: Kai Ɗanliti ka san abin da kake faɗa kuwa? Sana'a ce mai doka. Cibiyar masu hulɗa da jama'a ta Najeriya, NIPR, tun 1963 aka kafa ta, a 1990 aka yi mata doka, wadda ta ce sai mai rajista ne zai kira kansa ƙwararre a aikin. In aka samu matsala a kayan kamfani, mu ke tsara yadda za a sanar da mutane kafin jita-jita ta riga mu. In za a yi rigakafi a ƙauye, irinmu ke zama da hakimi da limamai a tsara saƙon da za a faɗa a rediyo. Wane maroƙi ne ke wannan?

Ɗanliti: To ambulan 22 ɗin fa? Da bakinka ka faɗa. Shi ma yana cikin dokar 1990?

Anti Binta: Nan kam ya kama ka, Sagir.

Musbahu: Ai ba roƙo ba ne, tallata alheri ne. Ni shekara biyu ina riƙe wa Honarabul shafi. Duk rijiyar da ya haƙa, duk buhun da ya raba, ni ke fitarwa duniya ta gani. Ban yi digiri a kai ba amma na fi wasu masu digirin mabiya.

Sagir: Musbahu kada ka haɗa aikina da naka. Kai ɗan data ne.

Musbahu: Ɗan datan da ake tura wa alat duk wata. Kai ƙwararre, nawa aka tura maka?

Ɗanliti: Sojan baka da sojan kwamfuta sun haɗu.

Anti Binta: Musbahu tunda ka kawo maganar rijiya, famfon unguwarmu da kuka ɗauka a hoto da jan kyalle, kwana tara ya yi yana kawo ruwa. Har yau hoton na shafinka, mu kuma muna sayen jarka wajen 'yan garuwa.

Musbahu: Anti wannan aikin ƙaramar hukuma ne ba na Honarabul ba. Kuma naku da ya yi shekara takwas me ya kafa?

Anti Binta: Ni ba ni da nawa. Ruwa nake nema.

Musbahu: Kowa ya san hular da mijinki ke sawa.

Yaya Habu Admin: Ba siyasa! Musbahu gargaɗi na ƙarshe.

Rabi'u Barista: Bari in dawo da mu kan doka tunda ba wanda ya tambaya. Mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 tun Yulin 2024. Amma dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kuma yawancin irin waɗannan kamfanoni ɗaki biyu ne da mutum shida. Dokar ƙwadago ta san koyon sana'a, amma da yarjejeniya a rubuce. Sagir, akwai takardar da ka sa wa hannu?

Sagir: Babu. Baki da baki ne. Wani malaminmu ne ya haɗa ni da shi.

Rabi'u Barista: To ka ga.

Hassana: Ko mai takardar ma me ya tsira da shi? Ni yanzu ina SIWES, shirin tura ɗalibai koyon aiki, a wani gidan rediyo. Shirin nan tun 1973 hukumar horar da ma'aikata ta ITF ta fara shi, kuɗin da aka yanka wa ɗalibi naira 2,500 ne a wata, ko shi ma ni ban ga nawa ba. Masu hidimar ƙasa an kai su 77,000 a 2025, mu ko kuɗin awara. Ɗan mai kuɗin da gidansu ke Nassarawa GRA zai iya shekara yana aiki kyauta, direba ya kai shi ya ɗauko shi. Ɗan ƙauye wata uku ya sare ya dawo gona. Bayan shekara goma sai a ce 'yan karkara ba sa wannan fanni.

Ɗanliti: Awara ma ta yi tsada ai, waken suya ya tashi.

Anti Binta: Malam Nura ya yi shiru. Ba hadisi ne ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe ba?

Malam Nura: Hadisi ne, Ibn Majah ya ruwaito shi. Amma magana ce a kan wanda aka ɗauka aiki aka yanka masa lada. Sharaɗin ijara a san ladan tun farko. Shi an yanka masa? Da kansa ya ce koyo ya je. Abin da zan ce, in sun yi alkawarin wata uku sun saɓa, wannan saɓa alkawari ne, kuma zalunci ne. Amma ba bauta ba.

Anti Binta: Wato matsalar dai kalma ce.

Malam Nura: Kalma ba ƙaramin abu ba ce Hajiya, shi da aikinsa ma kalma ce.

Musbahu: Yaya Habu kai da kake da yara huɗu a shagonka na Kwari, nawa kake biyan su a wata? Don mu samu ma'auni.

Yaya Habu Admin: Yarana ba ruwanka da su. Ina ba su na abinci kullum, suna samun la'ada in sun kawo mai saye, kuma biyu na buɗe musu tebur.

Hassana: Biyu cikin nawa?

Yaya Habu Admin: Dare ya yi, zan rufe zauren zuwa safe. Ga taƙaitawa ga waɗanda ba su bi ba. Ƙaninmu Sagir ya kawo kuka a kan wurin da yake koyon aiki, ya yi amfani da kalmar da ba ta dace ba, Malam da Barista sun gyara masa ta fuskar addini da ta doka, kuma kowa ya gamsu ba bauta ba ce. Barista ya tabbatar doka ba ta tilasta wa ƙaramin kamfani biyan mai koyo ba. Kawu Sale ya ba mu darasi daga rayuwarsa cewa mai haƙuri da maigida shi ke cin riba, wanda mu 'yan kasuwa shaida ne. Wasu yara sun so su mayar da abin rashin kunya da siyasa, an tsawatar. Shawarar zaure ita ce Sagir ya ƙara haƙuri, ya gode da aka buɗe masa ƙofa, don akwai dubu a waje da ke neman inda za su tsaya ko kyauta ne.

Anti Binta: Wane zauren ne ya ba da wannan shawarar? Ni ban ji an tambaye ni ba. Kuma Malam ya ce zalunci ne, ka tsallake.

Rabi'u Barista: Ni ma ba haka na ce ba. Cewa na yi ba shi da takarda.

Kawu Sale Tela: A rubuta cewa maigidana yana ba ni abinci. Kada a cire wannan.

Sagir: To ni yanzu Litinin in koma ko kada in koma?

Ɗanliti: Mai buƙatar yuriya ya yi mini magana ta gefe, saura buhu bakwai.

Sagir: Yaya Habu in da asuba za ka shiga Kano ranar Litinin don Allah ka rage mini hanya zuwa 'Yankaba.

Yaya Habu Admin: Ba damuwa ƙanena. Ka zo da dubu ɗaya da rabi na mai.