Wai meye itacen hikori, kuma a ina yake fitowa?

Kafinta_Kn: Slm jama'a, na sayi guduma ta waje an rubuta hickory a jikin ƙotar, wlh ƙarfinta ya ban mamaki, wai wane itace ne wannan kuma ana samunsa a nan?

Dan_Amurka: Wslm malam. Itacen gabashin Amurka ne, har kudancin Kanada da Meziko, akwai kuma 'yan kaɗan a Chana da Biyetnam. Kala-kala ne fa, akwai shagbark wanda ɓawonsa ke ɗaɗɗagowa dogo-dogo kamar zai zube, akwai bitternut shi kuma 'ya'yansa ɗaci ba a ci. Ƙotar gatari da guduma da sandunan kiɗan ganga duk da shi ake yi saboda yana shanye duka baya saurin karyewa, a jihohin kudu kuma da itacensa suke banda nama.

Maman Hanif: Ai pecan ɗin nan, 'ya'yan itace mai ɓawo da ake ci kamar gyaɗa, mai tsada na supamaket ma danginsu ne, shi ne bishiyar jihar Texas, Afirka ta Kudu ma suna nomansa sosai.

Kafinta_Kn: To in na samu irin hickory ɗin zai yi a Kano?

Dan_Amurka: Kai da wuya gaskiya, yana son sanyin hunturu na gaske wanda namu bai kai ba, ga jinkirin girma, shagbark sai ya yi shekara wajen 40 kafin ya yi 'ya'ya sosai.