Rabin fuloti a Rigasa: in haƙa rijiya ga salgar maƙwabci jikin katanga?

Baban Khalil:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka taɓa gini a Rigasa ko wata unguwa mai cunkoso irinta. Rabin fuloti ne, 50 a 50, gini ya kai linta. Maƙwabcina na baya salgarsa tana jikin katangarmu, kuma wurin gangare ne, daga wajensa ruwan sama yake sauko mana. Magini ya ce mu haƙa rijiya a gaban gida kusa da ƙofa, a sa mata zoben siminti har ƙasa, nawa sokawen kuma a baya. Na auna da tef, daga inda ya nuna zuwa salgar ƙafa 40 ne. Dubu 900 ta rage a hannuna kuma a ciki zan yi sokawe, saboda haka bohol ya fi ƙarfina yanzu. Muna da jariri ɗan wata 2. Shin zobe yana tare ruwan salga? Ko in haƙura in ci gaba da sayen na 'yan ga-ruwa har Allah ya hore?

Sarkin Samarin Mando:
Wa alaikumus salam. Yaya ka buga bohol kawai ka huta. Rijiya ai ta zama tsohon yayi.

Abu Fatima Kawo:
Haka ne. Ni bara miliyan 1 da dubu 400 aka yi min, har da samo da tanki.

Alhaji Kinkinau:
Wace barar? Malam ko dai rijiya aka haƙa maka aka zura bututu. Ni miliyan 2 da dubu 700 na biya, ban da tanki, don dutse muka tarar sai da aka kawo babbar mota mai kwamfuresa. Kuɗin dizal kaɗai ya kusa abin da ka faɗa.

Abu Fatima Kawo:
Alhaji kai da ka je wajensu da babbar riga da mota me kake jira? Farashin rigar aka ba ka.

Maman Ummi:
Ɗan uwa don girman Allah kada ka haƙa. Ni ba labari aka ba ni ba.

Gidan haya muke a Tudun Wada, gida mai ɗaki goma sha, rijiya ɗaya a tsakar gida. Shekaru muna sha lafiya lau. Sai tsohuwar salga ta cika, mai gida ya ce kuɗin kwasa ya yi yawa, ya sa aka toshe ta aka haƙa sabuwa a lungun da ke bayan rijiyar, don can ne kaɗai fili ya rage bayan ya fitar da shaguna a gaba. Mun yi magana, ya ce ai rijiyar da zobe. Da rani babu abin da muka gani. Da damina ta yi nisa, rijiya ta ciko har kana iya ɗiba da gajeren igiya, sai yaran gidan suka fara. Wannan ya kwanta, wancan ya tashi, kullum muna hanyar kemis, a ce taifod, a ce maleriya. Ruwan nan kuwa wallahi garau yake, ba wari ba launi. Shi ya sa babu wanda ya kawo rijiyar a ransa.

Ummi tana da shekara 2 da 'yan watanni. Bayan isha'i ta fara amai da gudawa, babanta yana tafiya, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, babu Keke a titi. Na ce bari gari ya waye. Kafin mu isa asibiti da asuba idanunta sun faɗa, an nemi jijiya an rasa. Ba ta kai azahar ba.

Abin da ya tona asirin, bayan sadakar bakwai wani yaro a gidan ya zuba kananzir a salgar saboda kyankyasai. Kwana biyu muka ja guga, sai warin kananzir. Muka kira mai gida ya shinshina da hancinsa. Abin da ya ce mana shi ne kowa da kwanansa, wanda gidan bai yi masa ba ga ƙofa nan.

Anti Bilki Barnawa:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya sa mai ceto ce, ya ba ki haƙuri 'yar uwa.

Alhaji Kinkinau:
Allah ya jiƙanta. Amma wannan mai gidan bai kamata a bar shi haka ba. Kun je wajen mai unguwa?

Maman Ummi:
Mun je Alhaji. An zauna, an ce a yashe rijiyar a zuba magani. Aka yashe, mu 'yan haya muka haɗa kuɗin. Wata bai cika ba wata yarinya ta sake kwanciya. Mu dai mun tashi. Da na bi ta layin kwanaki na hango sababbin 'yan haya, wata amarya tana jan ruwa. Na tsaya na gaya mata, ta dube ni kamar mai neman ɓata musu gida.

Injiniya Sani:
Allah ya gafarta mata, Maman Ummi. Yasar rijiya ba ta magance irin wannan, don ba daga sama ƙazantar take shiga ba, ta ƙarƙashin ƙasa take bi.

Baban Khalil, amsarka a taƙaice: zobe yana hana rijiya ruftawa, ba ya tace ruwa. Ai ta gindi da ta mahaɗar zobban ruwan yake shigowa, in ba haka ba da rijiyar ba ta yi ruwa ba. Ƙasar Kaduna dutse ne a ƙarƙashi, a samansa akwai ruɓaɓɓen dutse da marmara da jar ƙasa. Rijiyar hannu daga wannan saman take sha, kuma cikinsa salga da sokawe suke tsiyaya. Da rani akwai busasshiyar ƙasa tsakanin gindin salga da ruwa, ita take riƙe yawancin ƙwayoyin cuta. A Agusta da Satumba ruwan ƙasa yana tasowa, wani wurin har ya taɓa gindin ramin.

Tazarar da aka fi ba da shawara ita ce mita 30, wato kusan ƙafa 100, rijiya kuma ta kasance ta sama, salga ta gangare, gindin ramin ya fi ruwan ƙasa tsayi da aƙalla mita 1 da rabi. To lissafa: fuloti cikakke 50 a 100 tsawonsa gaba ɗaya mita 30 ne. Naka rabi, ko daga kusurwa zuwa kusurwa ka ja tef mita 21 da 'yan kai za ka samu. Ƙafa 40 ɗinka mita 12 ce, kuma kai ne a gangare. Ko ka fasa yin naka sokawen, na maƙwabta suna nan.

Masu cewa bohol su ma su sani, ba zurfi kaɗai ba ne. In ba a sa bututun kariya ya wuce ƙasa mai taushi ba, aka kuma cike gefensa da siminti daga sama, ruwan saman nan zai bi jikin bututun ya gangara. Da yawa daga masu arha nan suke rage kuɗi.

Abu Fatima Kawo:
Injiniya da ni kake ke nan.

Baba Na Unguwar Shanu:
Yaran zamani kun cika tsoro. Gidanmu tun zamanin Sardauna rijiya da salga suna tsakar gida ɗaya, a nan aka haife mu, a nan muka haifi namu. Ni na haura sittin, ban san ƙofar asibiti ba sai dubiya. Ruwa in launinsa da ɗanɗanonsa da ƙamshinsa ba su canja ba mai tsarki ne, haka muka karanta a zaure. Ba sai wani injiniyan Facebook ya zo ya haramta mana ba.

Injiniya Sani:
Baba Allah ya ƙara lafiya, ban haramta ba. Amma zamanin da kake faɗa mutum nawa ne a layinku, salga nawa? Yanzu fuloti ɗaya an raba shi uku, kowane da raminsa, ga bandaki na zamani da ke tura bokiti guda na ruwa duk shiga.

Malam Abdul Badarawa:
Baba abin da ka kawo hukuncin alwala da wanka ne a Malikiyya, kuma daidai ne. Sha kuwa wani babi ne, a nan ƙa'idar ita ce babu cuta babu cutarwa. Kuma hadisi ya zo da hani a kan yin bayan gida a mashayar mutane. Wanda ya san raminsa yana zuba a rijiyar maƙwabci ya yi shiru, ina ji masa tsoro.

Mahaƙi Ɗan Zariya:
Ni ban yi boko ba amma rijiya sana'ata ce tun ina yaro. Injiniya yana lissafi a takarda, mu muke shiga ciki. Na ga rijiya taku biyar da salga ruwanta lafiya, don laka ce mai danƙo a tsakani. Na kuma ga wadda ta yi nisa sosai amma tana wari, don akwai tsaga a dutsen, ruwa yana bi kamar a bututu. Ƙasa ba ɗaya ba ce ko a layi ɗaya. Baban Khalil ka kira ni in duba wurin, dubu 350 zan yi maka har zobe da murfi.

Anti Bilki Barnawa:
Ka ga inda aka dosa. Duk bayanin nan ashe talla ce. Kuma ƙanina dubu 180 aka yi masa a Hayin Banki.

Mahaƙi Ɗan Zariya:
Hajiya ki tambaye shi siminti nawa ne buhu a lokacin.

Sarkin Samarin Mando:
Ni fa ban ga abin damuwa ba. Ɗan Rigasa ne, cikinsa ya riga ya yi digiri. Ƙwayar cuta in ta shiga ita za a kwantar.

Ɗan Rigasa Na Asali:
Mando da ku ke sayen kura ɗaya ku yi sati kuna wanka da kofi, ku ne za ku yi mana gori?

Sista Rabi:
Ana maganar rasuwar yarinya kuna barkwanci. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na yi aiki lokacin kwalarar 2021 da ta kashe sama da mutum dubu 3 a ƙasar nan. Baba da ke cewa bai san asibiti ba, ya tuna yara nawa aka binne a gidajen da aka ce haƙori ne ko shawara. Waɗanda suka rayu ne suke ba da labari.

Baban Khalil, jaririnka nono zalla har wata 6, kada kaka ta ce a ba shi ruwa don zafi. Kuma duk gidan da ke da yara a ajiye garin ruwan gishiri da sukari na kemis, a fara ba yaro tun gudawar farko, ko tsakar dare ne, ana hanyar asibiti.

Injiniya Sani:
Ƙari a kan na Sista. Alimun yana kwantar da laka ne kawai, ba ya kashe komai. Tafasawa ko kulorin suna kashe ƙwayoyin cuta, amma ba sa cire sinadarin naitiret da ke fitowa daga fitsari da bayan gida, tafasawa ma ƙara masa ƙarfi take. Shi ne mai haɗari ga jariran da ake dama wa madara da ruwan rijiya. Iyakarsa miligiram 50 a lita, ƙwayar E. coli kuwa, wadda ke fitowa daga bayan gida, ko ɗaya ba a yarda a samu a mililita 100 ba. Duk mai rijiya ko bohol ya kai a gwada, kuma da damina, ba a Maris ba. Cibiyar albarkatun ruwa ta ƙasa tana nan Mando, ku je ku tambayi yadda ake ɗibar samfurin. Mahaƙi ya yi gaskiya cewa ƙasa ta bambanta, amma hanci ba ya gane wacce ce wacce.

Baban Khalil:
Na gode ƙwarai jama'a, Maman Ummi Allah ya ba da haƙuri. To yanzu in na haƙa don wanki da gini kawai, na sha kuma in saya, ya halin? Kuma su 'yan ga-ruwan ta ina zan san inda suke ɗebowa?

Ɗan Rigasa Na Asali:
Daga bohol ɗin layin bayanku, wanda ke jikin gidan wanka da bahaya. Jarka 100.

Anti Bilki Barnawa:
Mu nan 150 ne, in babu wuta 200. Kuma yara ba su san rijiyar wanki da ta sha ba, in ƙishi ya kama su guga za su kafa wa kai.

Alhaji Kinkinau:
Duk wannan ba shi ne babban abin ba. Ku yi maganar masu jiran hadari. A layinmu akwai gidan sama da suka haɗa bututu daga sokawe zuwa kwata. Da an fara ruwa da dare sai su buɗe, da safe mu da muke ƙasa mu tashi mu tarar da abin a ƙofar gida, yara suna tsallakawa zuwa makaranta. Mutum yana da motoci uku amma kuɗin motar kwasa ya gagare shi.

Abu Fatima Kawo:
Motar ma nawa ce? Dubu 35 na biya sahu ɗaya.

Anti Bilki Barnawa:
Dubu 60 suka ce min, wai layinmu ya yi nisa da titi sai an ƙara tiyo. Kuma wa ya san inda suke juyewa? Ni dai na taɓa ganin wata ta nufi bakin rafi da magariba, kuma duk rafin garin nan kogin Kaduna yake faɗawa.

Baba Na Unguwar Shanu:
A nan kam na yarda da ku. Da muna yara in aka ce ga duba-gari nan, har randa sai ya leƙa, mata suna rawar jiki. Wa ya isa ya saki ƙazanta a kwata? Yanzu in ka yi magana a ce kai waye.

Alhaji Kinkinau:
Na yi magana Baba. Matarsa ta daina gaisawa da iyalina, shi kuma a masallaci sai ya canja sahu. Jiya ma an yi ruwa sun buɗe, ina da bidiyo. In saka a nan ko in fara kai wa mai unguwa?

Sarkin Samarin Mando:
Saka Alhaji, amma ka bari mu gama cin abinci.